Bakwai ɗin da Malam bai faɗa ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar ba, ko na so ma, waɗanda suka gani suna nan da ransu. Akwai Malam, maigidana, a kan kujerarsa ta roba a ƙarƙashin rumfa. Akwai Malam Habila, abokinsa tun suna koyarwa a firamare ɗaya, ya zo daga Kafur a kan babur. Akwai Baba Tanko, yayan Malam, wanda bai taɓa taka coci ba, bai taɓa taka masallaci ba, yana nan kan abin da ya tarar iyayensu na yi, amma ranar da aka yanka kaza a gidan nan sai ka gan shi. Akwai Rifkatu, 'yata, mai aikin jinya a Funtua. Sai ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ku ce masa Injiniya kamar yadda kowa ke cewa. Sai kuma ni, da biro a hannu. (Rifkatu ce ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na gargaɗe ta kada ta yi wa maganata kwalliya.)

Ni ban yi boko ba. Lokacin da ake rubuta yara a ƙauyenmu babanmu ya ce awaki ba za su yi kiwon kansu ba. Lambobi dai na san su, a allon coci na koye su, inda ake jera lambar waƙa, daga baya waya ta ƙara mini. Abin da Allah ya ba ni shi ne ido, kuma na daɗe ina taƙama da shi. 'Yan ƙwadago ba sa son in biyo su gona. Matan zumunta na cocinmu sun san idan aka rage nama a girkin biki ni zan fara gani. Maganar da na fi furtawa a duniya ita ce "a hankali". Na faɗa wa 'ya'ya, na faɗa wa surukai, har fasto na taɓa faɗa wa, ranar da ya yi saurin rufe addu'a. Ina gaya muku wannan ne don ku san daga wane tsayi na faɗo.

Hawan jini ne ya kayar da Malam a gonar masara, damina ta yi tsakiya. Da aka sallamo mu daga asibiti a Malumfashi, hannun damansa ya zama kamar na aro, ƙafa yana ja, magana kuma sai ya yi ta lalubenta. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana yi wa aji tsawa, yanzu zai so cewa cokali sai ya ce takalmi. Ya san ba daidai ba ne. Sai ya runtse ido, ya yi shiru, ya daɗe.

Tun kafin ciwon suna da wani wasa shi da Malam Habila, suduku suke ce masa. Fili ne a takarda, an yanka shi gida-gida, layi tara a kwance, layi tara a tsaye, an kuma kasa shi ɗakuna tara. An zuba lambobi a wasu gidajen, an bar sauran fanko. Aikinka ka cike su, daga ɗaya zuwa tara, kada lamba ta maimaita kanta a layi ko a ɗaki. Da can kallon marasa aikin yi nake yi musu, manya da furfura sun duƙufa a kan takarda kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Bayan ciwon sai Rifkatu ta ce kada a bari ya daina, ta riƙa kawo masa littattafan daga Funtua. To amma ina hannun rubutu? Na hagun rawa yake yi. Haka na zama hannun Malam. Yana riƙe tsinken kara a hagu, ya nuna gida, ya faɗi lamba, in rubuta. Lambobi ne kaɗai ba su taɓa sauya masa a baki ba, sai dai su daɗe ba su fito ba.

Dokarsa guda ce. Idan gida bai tabbata ba, a rubuta duk lambobin da za su iya zama cikinsa, ƙanana, da fensir, a lungu. Sai an kori sauran, ɗaya ta rage, sannan a ɗauki biro. Wannan ban sha wuyar gane shi ba, ai shuka ce. Ka zuba ƙwaya uku huɗu a rami, in sun tsiro ka bi ka tuge raunana ka bar mai ƙarfi. Na gaya masa haka, ina jin daɗin kaina. Ya girgiza kai.

"Ba... ido ba," in ji shi. Ya huta. "Dalili."

Na ce, "Malam, ido ai shi ne dalili."

Ya sake girgiza kai, bai da bakin yin gardama da ni. Da yana da shi ma ba ya ci.

Da muka wuce masu sauƙi sai ya fara koya mini dabarun manya, rabi da baki, rabi da tsinke. Akwai wadda yake kira tagwaye: ka ga gidaje biyu a layi ɗaya, wannan uku da takwas kaɗai zai ɗauka, wancan ma uku da takwas. Ba ka san wa zai ɗauki wanne ba, amma ka san lambobin nan biyu nasu ne, don haka duk wani gida a layin da ke riƙe da ƙaramar uku ko takwas, ka goge masa. Wannan ta zauna mini daram. Har nakan riga shi gani, in yi gyaran murya.

Sai ya kawo wadda yake kira ƙafafun gado. A nan na tsaya. Wai ka nemi lamba ɗaya wadda a wannan layin wuri biyu kaɗai take da shi, a wani layin can ƙasa ma wuri biyu, kuma wuraren suna saitin juna, huɗu cif kamar ƙafafun gado. Wai ko ta zauna ta nan ko ta can, layukan tsaye biyun nan an riga an kama su, duk sauran gidajen da ke kansu ba su da rabo da ita. Ya taɓa kusurwa huɗun da tsinke, ya dube ni. Na ce na gane. Ya sake taɓawa. Na ce, "Malam, na ce na gane, tuwo na kan wuta." (Ban gane ba. Ban taɓa ce wa mutum ban gane ba, ba kuwa a kan gadon takarda zan fara ba.)

Ana cikin haka Injiniya ya zo dubiya daga Zariya, uban ya kira shi da sunan wani ƙanen Malam ɗin da ya rasu tun kafin a haifi yaron. Injiniya ya koma Zariya. Daga baya ya bugo waya ya ce ya yanke shawara: kan Baba ya fara taɓuwa, ba za a bar shi a ƙauye ba, zai kwashe mu mu koma wurinsa, a ba da gonar haya, a rufe gida. Malam yana jin duk abin da ake faɗa, wayar a buɗe take. Ranar bai ci abinci ba. Gidan nan da hannunsa ya buga tubalinsa, kabarin uwarsa na bayan rumbu. A Zariya ɗaki za a ba shi a sama, da talabijin.

Rifkatu ce ta tsaya masa. Ta ɗauki hotunan shafukan da muka gama ta tura wa yayanta, ta ce mutumin da kansa ya taɓu ba ya warware waɗannan, ita kanta ta gwada ta kasa, harshen ne ya samu matsala ba hankalin ba. Injiniya ya ce to, zai zo ranar godiyar kaka ya gani da idonsa. In Baba ya yi ɗaya a gabansa, ya janye maganar.

Ranar ta zo. An taso coci, an ci abinci, aka share ƙarƙashin rumfa. Injiniya da kansa ya karɓi littafin Malam Habila, ya buɗe can ƙarshe inda masu wuya suke, ya zaɓa. Malam Habila ya leƙa, ya ce, "Kai, ɗana, wannan ko ni sai na kwana a kanta." Malam ya miƙa hannu a ba shi tsinkensa.

Da farko lafiya lau. Yana nunawa, ina rubutawa. Muka zuba ƙananan lambobi, muka samu tagwaye a layi na uku, muka goge abin gogewa. Rifkatu tana satar kallon yayanta. Baba Tanko yana sakace, ya ce, "In an gama cikawa me ake ba mutum?" Malam Habila ya ce ba komai. Baba Tanko ya ce, "To ai gara dara, ko ba komai ka ci mutum ka yi masa dariya."

Sai muka zo inda ba gaba. Ko'ina ƙananan lambobi bibbiyu, uku-uku, ba wanda ya tabbata. Malam ya yi shiru. Tsinken yana yawo a saman takarda, ya sauka nan, ya tashi, ya sauka can. Inuwar rumfa ta matsa har rana ta kama ƙafar Malam Habila, ya ja kujera. Yawu ya taru a gefen bakin Malam, ya fara gangarowa, na goge masa da bakin zanena. Da na ɗago sai na ga Injiniya ya dubi agogo, ya dubi ƙanwarsa, ya ɗan taɓe baki. Ba raini ba ne. Tausayi ne, kuma shi ne na kasa ɗauka. Na yarda a zagi mijina a gabana, in rama. Amma a ji tausayinsa ina zaune?

Akwai wani gida a tsakiya mai ƙananan lambobi biyu, huɗu da bakwai. Na lura in wannan ya buɗe, sauran za su biyo. Na ƙura musu ido. Huɗun ta karkace, don ni har gobe ban iya rubuta huɗu ba, kullum kamar kujerar da aka karya wa ƙafa take fitowa. Bakwan kuwa ta miƙe sambal, lafiyayya. Duk wanda ya taɓa rage shuka ya san wadda zai bari.

Na sunkuya na kai kunnena bakin Malam kamar ya yi mini raɗa. Na gyaɗa kai. Na ce, "Bakwai, ya ce." Na ajiye fensir, na ɗauki biro, na dangwara ta.

Malam ya yi wani sauti a maƙogwaro, "A... a..." Na ce, "Ya ce a ci gaba."

Abin haushi, sai ta buɗe. Bakwan nan ta kori wata bakwai a gefe, biyu ta faɗo, biyun ta ba da tara, taran ta ba da biyar. Ina sunkuyawa, ina gyaɗa kai, ina rubutawa. Ban ma lura Malam ya saki tsinken ya faɗi ƙasa ba. Rifkatu ta ce, "Yaya, ka gani ko?" Injiniya ya matso da kujera, fuskarsa ta saki, na ga yaron da na goya. Ni kuwa wani daɗi ya cika mini ciki. Na ce a raina, ashe duk ƙafafun gadon nan ɓata lokaci ne na 'yan boko, ido ya isa. Har waƙar da aka yi a coci na fara yi ƙasa-ƙasa. (Rifkatu ta ce a cire wannan. A bar shi.)

Saura gidaje kaɗan a ƙasa. Na zo kan wani, na ƙirga layinsa, lambar da ta rage bakwai ce. Na kai biro. Sai idona, idon nan da nake taƙama da shi, ya hau sama a layin tsaye, ya ci karo da bakwai ɗina tana tsaye sambal tana kallona.

Na bar biron a sama. Na sake ƙirgawa. Na ƙirga na uku, ko wata lamba za ta ji tausayina.

Malam Habila ya sa tabarau, ya duƙo. Ya bi layin da yatsa, ya koma ya zauna, ya cire tabarau, ya shiga goge shi da rigarsa. Injiniya ma ya gani. Ya dafa gwiwar ubansa, ya yi magana a hankali, irin yadda ake yi wa mara lafiya.

"Ba komai, Baba. Ka yi ƙoƙari."

Malam ya runtse ido.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ni ce. Bai ce bakwai ba. Tun daga tsakiyar nan bai ce komai ba, ni na yi ta rubutawa."

Na ɗauka wannan ne ƙarshen kunya. Ashe da saura. Injiniya ya yi murmushi mai sanyi ya ce, "Mama, mun san kina son ki rufa masa asiri. Allah ya saka miki. Amma ba laifi ba ne, ciwo ne."

Na ce, "Na ce ni ce."

"Mama, ke da ba ki shiga aji ba, ki cika rabin wannan ke kaɗai?"

Kun ji fa. Na yi ƙarya an yarda, na faɗi gaskiya an ƙi. Sai ga ni tsohuwa, ina rantsuwa a gaban ɗan fari cewa wallahi ni maƙaryaciya ce. Na jawo takardar ina nuna masa tagwaye, ina bayani. Ya ce to ta yaya na san bakwai ce a tsakiyar? Malam Habila ya ce, "Maman Rifkatu, wace dabara kika bi?" Na ce, "Ta fi ɗayar kyan tsayuwa."

Ba wanda ya yi dariya sai Baba Tanko. Ya yi har da tari. Ya ce, "Ku yarda da ita. Ni ban san lamba ko ɗaya ba, amma tun ɗazu nake kallon bakin ƙanena, bai motsa ba. Na ɗauka ko wata sabuwar addu'a ce ta coci, wadda mace ke ji ba a faɗa ba." Ya juyo gare ni. "Uwar yara, yau ina a hankalin?"

Da ƙasa ta buɗe da na gode mata.

Injiniya ya daina murmushi. Ya ɗauko wayarsa ya duba hotunan da Rifkatu ta tura masa, yana ja da yatsa. Ya ce, "To in haka ne, waɗannan fa? Wa ya yi su?" Na ce Malam ne, kowanne, ban taɓa sa hannu ba sai yau. Ya dube ni. Bai ce ƙarya nake yi ba, tarbiyyar da na ba shi ba za ta bar shi ba. Amma na gani a idonsa. Da bakwai guda na shafe aikin da bawan Allah ya yi tun damina, lamba bayan lamba, kowacce sai da ya yi gumi kafin ta fito.

Malam ya buɗe ido. Ya miƙa hannun hagu yana rawa, ya zare biron daga yatsuna, ya tura shi gefen abokinsa. Ya daɗe yana nema, sannan ya ce, "Habila."

An kore ni daga aiki ke nan, a gaban 'ya'yana.

Malam Habila ya samu farar takarda, ya ja layuka, ya kwafe komai har zuwa inda na ɓata, da ƙananan lambobin duka. Amma Malam ya gaji. Ya ɗauki tsinken, ya kasa riƙe shi, kansa ya yi nauyi. Rifkatu ta ce a bar shi haka, jininsa zai hau. Injiniya ya ce gobe da safe zai koma, bayan Kirsimeti zai turo mota ta kwashe mu. Malam Habila ya bar takardar a kan tabarma, ya hau babur ɗinsa ko sallama sosai bai yi mini ba. Da na kai wa Malam tuwo, ya juya fuska bango.

Abin da na koya ba mai yawa ba ne. Shirun mutum ba rami ba ne da za ka yi sauri ka cike. Wani lokaci aiki yake yi a ciki. Kuma duk wadda ba ta iya cewa "ban gane ba" a ɗaki, za ta faɗe shi a tsakar gida, da baƙi.

Washegari na dama koko, na kai wa Malam, na ajiye takardar Malam Habila a cinyarsa da tsinken. Na ce, "Malam, ƙafafun gadon nan ban gane su ba. Tun ranar farko." Bai dube ni ba, amma bai ture takardar ba. Na fita na tarar da Injiniya yana sa jaka a mota. Na ce, "Kai, zo ka zauna." Ya ce hanya, Mama. Na ce hanyar ba ta gudu. Ya biyo ni.

Na zauna a gaban Malam, na ajiye biro a ƙasa inda kowa ke gani, na ɗaga cinyata na tura hannun damana ƙarƙashi, na zauna a kansa. Injiniya ya ce me ke nan? Na ce ba ruwanka.

Malam ya fara. Kokon ya huce, ya yi fata a sama. Rifkatu ta leƙo ta koma. Yawu ya gangaro masa, na bar shi, ban da hannun gogewa. Injiniya ya kai ido ga agogo, na harare shi, ya sauke hannu. Can sai tsinken ya sauka a kan wata ƙaramar bakwai a sama, ya tsallaka gefe ya taɓa wata, ya gangara ƙasa ya taɓa ta uku, ya dawo ya taɓa ta huɗu. Ya sake zagayawa, yana kallon ɗansa. Sannan ya bi layin tsaye har gidan nan na tsakiya, ya karce ƙaramar bakwai ɗina da bakin tsinke.

Injiniya ya duƙa. Ya bi wuraren huɗu da yatsa, leɓensa na motsi. Ya ce, "Wannan ko wannan... to layin an kama shi." Ya ɗago ya dubi uban.

Malam ya ja numfashi. Ya ce, "Huɗu."

Na zaro hannuna in rubuta, ashe ya mutu. Yatsun sun ƙi rufuwa, biron ya zame ya faɗi. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Ga mu nan ni da Malam, kowa da hannun dama a cinya kamar na aro. Injiniya ya tsinci biron, ya rubuta huɗun da kansa, ya zauna yana kallonta. Bai ce ya janye maganar Zariya ba. Ya dai cire takalmi, ya gyara zama a tabarma, ya ce, "Sai ina, Baba?"